Shayin la'asar a Ingila: uwar mijina ta ce ba za a sallami baƙi da burodi ba

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune da maigidana da yaranmu a wani gari a arewacin Ingila. Matan layinmu, Turawa ne kuma duk sun girme ni, suna haɗuwa shan shayin la'asar duk wata a gidan ɗaya daga cikinsu. Sun sha gayyatata, sun karrama ni, yanzu zagaye ya zo kaina a watan Disamba. Su shida ne, ina kuma so in kira ƙawayena Hausawa biyu. Uwar mijina ta zo mana ziyara daga gida, da ta ji abin da ake ci a wurin sai ta rantse ba a gidan ɗanta za a tara mutane a ba su ruwan zafi da yankan burodi ba, sai an yi shinkafa da kaji. Maigidana ya ce in yi yadda na ga dama, kada dai kuɗi su yi yawa. Ban taɓa gasa burodin nan nasu da ake kira sikon ba, ba ni da kofuna na kirki, ina kuma tsoron wata ta shigo mana da kwalbar giya da sunan kyauta. Har na fara tunanin in ce ba ni da lafiya. Don Allah a ba ni shawara.

'Yar'uwarki daga Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar ciwon ƙarya ki ajiye ta tun yanzu. Matan nan kullum kuna gaisawa a bakin ƙofa, za su zo dubiya da kati da furanni ki rasa inda za ki sa fuskarki, wata mai zuwa kuma zagayen ya sake dawowa kanki. Tsoro ne ya girmama miki abin. Macen da ta iya ciyar da gida guda ranar suna, shayin mutum goma ba zai gagare ta ba.

Mu fara da Hajiya, don nan ne zuciyarki ta fi nauyi. Ba fitina take nema ba. A tarbiyyar da ta taso, baƙon da ya bar gidanka bai ƙoshi ba abin kunya ne ga dangi gaba ɗaya, kuma duk wanda aka laƙa wa sunan marowaci da wuya ya wanke kansa. Mutuncin ɗanta take karewa, har da naki. Abin da ba ta sani ba shi ne wannan zama yana da nasa tsari da iyaka. Ana danganta farkonsa ga Anna, matar basaraken Bedford, wajen shekarar 1840. A lokacin manyan gidajen Ingila ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe 8, ita kuma yunwa takan kama ta da la'asar, sai ta riƙa sa a kawo mata shayi da burodi da ɗan kek, daga baya ta fara kiran ƙawayenta. Tun asalinsa abin taɓawa ne tsakanin abincin rana da na dare. Baƙinki za su ci na rana kafin su zo, su koma gida su ɗora na dare. Idan kika jibga musu shinkafa da kaji da ƙarfe 2, za su ɗan tsakura don kara, tukunya ta koma a cike, Hajiya kuma ta ɗauka an raina girkin gidan. Ga wata illar da ba a faye lura da ita ba: wadda za ta karɓi zagaye bayanki za ta ji kin ɗora mata nauyin da ba ta shirya ɗauka ba.

Wannan bayanin ba daga bakinki ya kamata Hajiya ta fara jin sa ba. "Yi yadda kika ga dama" magana ce mai daɗin ji, amma ta bar ki ke kaɗai tsakanin suruka da maƙwabta. Ki samu maigidanki cikin natsuwa ki roƙe shi abu biyu: ya zauna da mahaifiyarsa ya warware mata yadda al'adar take, sannan ya faɗi adadin kuɗin da zai iya fitarwa don ki yi lissafi a kansa. Zai samu sauƙi idan ya gane cewa fulawa da burodi da ganyen shayi ba su kai kuɗin kajin mutum goma ba. Bayan ya share fage, sai ke ki je wa Hajiya da roƙo, cikin ladabi: "Hajiya, ina so Turawan nan su ɗanɗani shayin gida da masa irin taki, ki taimaka mini." Babba idan aka ba shi matsayi a cikin al'amari, sau da yawa shi ke zama mai kare shi. Shinkafar da kajin kuma kada a soke su. A mayar da su abincin dare, bayan magariba, na iyali da ƙawayenki biyu. Ta haka an yi girkin da ta rantse a kansa, an kuma bar shayi a matsayinsa na shayi.

Lokaci zai iya ba ki matsala idan ba ki duba shi ba. A watan Disamba rana tana faɗuwa a arewacin Ingila kafin ƙarfe 4, ita kuma la'asar tana shiga wajen ƙarfe 2 ko kafin haka, gwargwadon jadawalin da masallacinku yake bi. Idan kika sa taro ƙarfe 3 zuwa 5 kamar yadda aka saba, magariba za ta faɗo a tsakiyarsa. Ki sa ƙarfe 2 zuwa 4. In kuma hira ta yi daɗi aka zarce, ki ce musu za ki yi salla na minti goma, ku riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya ke da ƙawayenki don kada a bar baƙi su kaɗai. Babu abin jin nauyi a ciki.

Mako biyu kafin ranar ki aika musu saƙo ɗaya mai ɗauke da komai: rana, lokacin farawa da na tashi, da tambayar ko akwai abin da jikin wata ba ya karɓa ko wadda ba ta cin nama. Kada ki ɗauki tambayar nan da wasa. Gyaɗa da riɗi suna cikin abubuwa 14 da dokar Birtaniya ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana, saboda akwai mutanen da ɗan kaɗan ɗinsu ke toshe wa numfashi. Mu kuwa gyaɗa ta ratsa girkinmu: yajin tsire akwai ƙuli-ƙuli a ciki, ga man gyaɗa a suya, ga kantun riɗi. Idan aka samu mai wannan lalurar ko da mutum ɗaya ce, ki cire su daga teburin ɗungurungum, ki yi suya da wani man. A cikin saƙon ne kuma za ki kashe maganar giya tun kafin ta taso. Ki rubuta da fara'a cewa gidanku ba a shan giya, abincinku halal ne, don haka kowa ta zo hannu sake, wadda ta matsa sai ta kawo wani abu, furanni sun isa. Dalilin faɗin haka ya wuce kwalba. Watan Kirsimeti ne, kek ɗin lokacin da ƙananan fayi masu busassun 'ya'yan itace sau da yawa ana zuba musu barasa, wasu kayan zaƙin kuma akwai jelatin na alade. Turawa sun fi son a gaya musu a fili da a bar su su yi kuskure. Idan duk da haka wata ta manta ta zo da kwalba, kada ki ɓata fuska. Ki gode mata, ki ce ba kwa sha, ki ajiye mata kusa da rigar sanyinta ta koma da abinta.

Yanzu lissafi. Ku goma ne har da ke da Hajiya. Tsarin cin kashi uku ne: a fara da mai gishiri, a bi da sikon, a rufe da kayan zaƙi. Tunda akwai masa, yanka uku na sanwic ya ishi kowa, wato yanka 30. Kowane sanwic ɗaya idan aka datse gefensa yana ba da dogayen yanka uku, kin ga fallen burodi 20 kike bukata, rabi fari rabi mai ruwan ƙasa. Kala uku sun wadatar: kokwamba, dafaffen ƙwai da mayonis, da kaza. Na kokwamba shi ya fi ba sababbin hannu kunya, don ruwansa yana jiƙa burodi ya yi laɓe-laɓe. Ki fere shi, ki yanka siriri sosai, ki barbaɗa gishiri kaɗan ki bar shi minti 20 a rariya, sannan ki tsane shi da takardar kicin. Ki shafa bota mai laushi har bakin burodin ta kowane ɓangare, ita ce ke hana ruwa shiga. Sai kin gama haɗawa za ki datse gefen, da wuƙa mai haƙora, ba tare da dannawa ba. Ki yi su da hantsin ranar, ki jera, ki lulluɓe da takardar kicin mai ɗan danshi, ki rufe da leda ki sa a firij. Ki fito da su minti 20 kafin a ci, don burodi mai sanyi ba ya daɗi, amma na ƙwai da na kaza kada su wuce awa biyu a waje.

Sikon ɗin da ke ba ki tsoro ya fi fanke sauƙi, hannu kawai yake so a sassauta masa. Ki samu fulawa mai tashi da kanta giram 350, ki zuba bekin foda ƙaramin cokali 1 da ɗan gishiri. Ki yanka bota giram 85 ƙanana, mai sanyi daga firij, ki murza ta cikin fulawar da kan yatsu har ta koma kamar ɓarzajjen gero. Ki sa sukari babban cokali 3, ki zuba madara mililita 175, ki juya da wuƙar tebur har ya haɗe. Nan ne ake yin kuskure: hannunmu ya saba da murza ƙulli, shi kuwa wannan da zarar an murza shi sai ya yi tauri ya ƙi tashi. Ki juye shi kan tebur mai barbaɗin fulawa, ki ninka sau biyu ko uku kawai, ki daddanna da tafin hannu ya yi kaurin santimita 3 zuwa 4. Ki yanka da abin yanka mai faɗin santimita 5 ko 6, ki danna shi tsaye ki ɗaga tsaye. Idan kika murɗa, gefen zai liƙe, ya tashi a karkace. Ki shafa ƙwai a samansa kaɗai, kada ya zirara gefe. Obin ya riga ya yi zafi, digiri 220, ko 200 idan mai fanka ne, minti 10 zuwa 12 har saman ya yi ja. Wannan awon yana ba da kamar guda takwas, sai ki yi sau biyu daban-daban maimakon ki ninka a kwano ɗaya. Ki gwada sau ɗaya a ƙarshen makon nan iyali su ci, don kowane obin da halinsa. Idan gwajin bai yi ba, ki sayi na shago ki ɗumama minti biyar kafin a kawo. Matan nan ma da yawansu haka suke yi.

Ana cin sa da ɗumi, a ɓare shi biyu da hannu, a shafa jam na sitiroberi da daskararren kirim ɗin nan mai kauri na yankin Kwanwal da Debon da ke kudu maso yammacin Ingila. Roba biyu masu giram 227 da kwalbar jam guda sun isa. Mutanen Debon kirim suke fara shafawa, na Kwanwal kuma jam, kuma har yau ba su daina gardama a kai ba. Idan kika ji hira ta yi sanyi, ki tambaye su wanne ne daidai, za ki sha labari.

Masar Hajiya ta zama ƙanana, loma biyu, guda biyu ga kowa, a ajiye zuma a gefe. Miyar taushe a bar ta sai dare, don abincin wannan zama da yatsu ake ɗauka, ana riƙe da kofi. Idan da shinkafa zalla aka yi ƙullin, ba a sa fulawa ba, za ta yi wa wadda ba ta cin alkama rana. A kayan zaƙi kuma kada ki wahalar da kanki: kek guda ɗaya a yanka ƙanana, dubulan ko cincin, da dabino. Dubulan da cincin ana iya yin su kwana uku kafin ranar a rufe a mazubi. Ki yi su da yawa, ki ƙulla wa kowace baƙuwa ɗan ƙunshi ta tafi da shi, ki bar Hajiya ta miƙa musu da hannunta a bakin ƙofa. Wannan zai kwantar mata da hankali fiye da duk wani bayani, don ta ga ba wadda ta fita hannu rabbana.

Shi kansa shayin, ki manta da yadda muke haɗa shi a gida, inda ake tafasa ganye a tukunya a zuba madarar gwangwani da sukari tun daga kicin. A can kowa shi ke haɗa nasa. Ki lissafa kofi uku ga mutum ɗaya, kimanin lita 6 ke nan gaba ɗaya, amma ba a lokaci guda za ki dafa ba. Ki tanadi butar shayi biyu: ɗaya ta English Breakfast, wanda kusan kowa ke sha, ɗaya ta Earl Grey mai ƙamshin lemo. Ki ajiye 'yan ƙullin ganyen shayi na takarda, irin wanda aka cire wa kafeyin, saboda masu shekaru. Ki ɗebi sabon ruwa daga famfo, ya tafasa sosai. Ki fara zuba kaɗan a butar ki karkaɗa ki zubar, don buta mai sanyi tana kashe zafin ruwa shayi ya fito salam. Ki sa ganye ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kofi da ƙarin ɗaya, ko ƙulli huɗu a butar lita ɗaya, ki zuba ruwan ki rufe minti 4. Daga nan ki tsame ƙullin ko ki tace, in ba haka ba zai yi baƙi ya yi bauri. Saboda wannan dalilin ne ba a dafa shi tun da wuri a ɗura a fulas. Madarar ruwa sabuwa mai sanyi a ɗan jug, lita ɗaya, sukari a kwanonsa, yankan lemun tsami a gefe don masu Earl Grey. Ki zuba wa kowa da kanki a zagayen farko, ki tambaye ta yadda take so.

Shayin Hajiya ya zo a zagaye na biyu, da sanarwa. A ruwa lita ɗaya da rabi a sa ɗanyar citta kamar girman babban yatsa a daddaka, kanumfari shida, girfa sanda ɗaya, kimba ɗaya a fasa, masoro kaɗan. Ya dahu minti 10 a wuta marar ƙarfi, a sauke, a jefa ganyen shayi na minti 3, a tace. A rage yaji fiye da yadda ake yi wa 'yan gida, kuma kada a sa sukari a tukunya. Sun san shayi mai kayan ƙamshi ta hanyar mutanen Indiya da Pakistan, ba zai zame musu baƙo ba, amma kimba sabuwa ce a wurinsu. Ki ajiye ɗaya a faranti su gani, su shinshina, Hajiya ta yi bayani ƙawarki ta fassara.

Kofuna ba abin damuwa ba ne. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji da ke kusan kowane babban titi cike suke da kofunan tangaran da 'yan farantansu a farashi mai sauƙi, kuma ba dole su zama iri ɗaya ba. Butar shayi ta biyu ki ara wurin ɗaya daga cikin matan, za ta ji daɗi kin tambaye ta. Marikin faranti mai hawa uku ado ne kawai, manyan faranti uku sun yi aikinsa. Kowa dai ta samu ƙaramin faranti, wuƙar shafa kirim, ƙaramin cokali da tsumman goge hannu. Suyar masa a gama ta da wuri a buɗe taga, a ɗumama a obin daga baya. Turaren wuta kuma ki sa shi awa guda kafin su zo ki ɗauke kaskon, saboda hayaƙinsa yana tayar da ƙararrawar gobara, yana kuma iya tayar wa mai asma ciwonta.

Sai ƙawayenki. Ki gaya musu ƙarfe 2 ɗin nan ƙarfe 2 ce, don Turawan za su ƙwanƙwasa ƙofa a kan minti, kuma sikon ba ya jiran mai latti. Ki ce su ci abincin rana kafin su zo, na dare yana nan bayan magariba. Kada su zauna gefe guda su ɓarke da Hausa a bar baƙi suna murmushin rashin fahimta. Ki raba su, ɗaya kusa da Hajiya don fassara, ɗaya a tsakiyar Turawan, ita ce kuma za ta riƙa taya ki ɗora ruwa don kada ki ƙare zaman a kicin. Sun zo ganin ki ne, shimfiɗar fuska kuwa ta fi ta tabarma.

Idan bayan duk wannan Hajiya ta tsaya a kan sai Turawan sun ci girkin gidan, kada ki ja da ita. Ki ce ta yi gaskiya, ya kamata su ci, amma a ware masa ranarsa: a gayyace su cin abincin rana na musamman kafin ta koma, ko da Sallah, a gaya musu tun da wuri su zo da yunwarsu. A ranar shayin ma ana iya zuba wa mai so shinkafar a roba ta tafi da ita. Idan kuma ke ce kika ga aikin ya yi miki yawa ga yara ga baƙuwa a gida, ki rage shi zuwa sikon da kirim da jam da masa da shayi. Wannan ma tsari ne sananne a wurinsu, ba wadda za ta ga gazawarki.

Ki yi magana da maigidanki yau da dare, mako biyu kafin ranar ki aika saƙon gayyata, ranar Asabar ki gwada sikon ɗin ki fara kai wa Hajiya na farko da ya fito daga obin ta ɗanɗana ta faɗi ra'ayinta. Allah ya ba da sa'a, ya ƙara haɗa kanku.